Faɗuwar Gaban Inna

Har gobe ba na son jin ƙarar waya da rana tsaka, kuma Inna ce ta jawo mini wannan. Ina tsaye a gaban allo da alli a hannu, 'yan aji huɗu sun yi shiru da ƙyar da jiɓin goshi, sai jakata ta kama rawa a kan tebur. Ba sai na duba ba. Mahaifiyata ce daga Argungu, kuma tun kafin in ɗauka na san abin da za ta ce.

"Lahiya kuke? Gabana ya hwaɗi yanzun nan."

Mu uku ta haifa. Ni ce 'yar fari, ina koyarwa a wata firamare a Birnin Kebbi, muna zaune a Gesse da maigidana da yara. Sai ƙanwata da ke aure a Ambursa, sai autanmu, direban babbar mota mai kai albasa kudu. In gaban Inna ya faɗi, da auta take farawa, sannan ƙanwata, ni ce ta ƙarshe. Kunyar ɗiyar fari ce. Ba ta taɓa kiran sunana ba, "ke" take ce mini, kuma a wurinta rashin ta-ido ne a ga ta fara tambayar lafiyata kafin ta sauran. Saboda haka duk sanda kiranta ya iso gare ni, ta riga ta tsorata sau biyu, ragowar tsoron ne take juye mini.

A gidanmu ba a wasa da faɗuwar gaban Inna, kuma da dalili. Ina ƙarama, wata rana tana turara shinkafa a tsakar gida, don sana'arta ke nan, ta saki abin juyawa ta zauna daɓas a ƙasa, ta dafe ƙirji tana salati. Kafin la'asar aka zo aka ce kwalekwalen Baba ya kife a gulbi. Ya fito da ransa, kayan kamun kifinsa dai ruwa ya tafi da su. Bayan shekaru aka sake: ta ce gabanta ya faɗi, sai ga labari auta ya faɗi da babur ya karya hannu. Waɗannan biyun su ake ta ba da labari a dangi, a wurin suna da wurin biki. Sauran lokutan da gaban nata ya faɗi ba abin da ya faru, babu wanda ya riƙe su. In ma an matsa, ai ba a rasa abin da za a jingina masa: akuyar maƙwabta ta mutu, jikan wance ya kwana da zazzaɓi. Dangi irin namu, kullum akwai wanda wani abu ya samu.

Tana da yadda take yi. Ta yi salati, ta ɗebi mudun shinkafa ta ware na sadaka, sannan ta fara neman labarinmu. Da can sai ta je tasha ta ba direba saƙo. Da waya ta zo, sai aiki ya yi mata sauƙi, mu kuma muka shiga uku.

Shekarar da ta biyo bayan rasuwar Baba abin ya ƙaru. Da sau ɗaya a wata ne, ya koma sau biyu a mako, ya koma kullum, har ya kai sau uku sau huɗu a yini. Ni kuwa Allah bai yi ni da haƙuri ba, kuma ina da saurin ɗaukar tsoro, haɗin da ba shi da daɗi. Ina ajiye wayarta sai in kira maigidana a wurin aiki. In kira makarantar yara. In kira auta, in layinsa bai shiga ba, shi ke nan, na gama karantarwa ranar. In ce wa yara su kwafi abin da ke allo, in fita baranda in yi ta kai da kawowa, ina danna lambarsa kamar zan huda wayar. Sai can ya kira yana tauna wani abu, ya ce, "Yaya, daji muka shiga, ba sabis. Inna ce kuma?"

Har na fara jin nawa gaban. Ina wanke-wanke sai in tsaya cak in saurari ƙirjina. Ya buga da ƙarfi ne ko ni ce nake ji haka? Akwai wata mai kemis a layinmu, 'yar kudu ce, amma Hausa a bakinta sai ka ce a Argungu aka yanke mata cibiya. Kusan duk mako sai na je ta ɗaura mini abin awon jini a damtse. Ta duba ta ce, "Malama, jininki ya fi nawa kyau. Tsoro ne kawai ke damunki, je ki ci tuwo." Ina rubuta wannan ina jin kunya. Na auna jinina ban san iyaka ba a shekarar nan, kuma ko sau ɗaya bai zo mini a rai in ce a auna matar da ƙirjinta ke faɗuwa sau huɗu a yini ba. Ba ni kaɗai ba, mu duka. Mun saba gaban Inna labarinmu yake kawowa, ba mu taɓa tunanin yana da labarin kansa ba.

Wata rana na fashe. Mai duba makarantu ya shigo ajina, yana zaune a baya yana rubuce-rubuce, waya ta kama ruri. Na kashe, ta sake. Na kashe, ta sake. Da na fito na kira ta, ban ko gaishe ta ba.

"Inna, don girman Allah ki bar mu mu sha ruwa. Kowa lafiyarsa ƙalau. Kin hana mu aiki, kin hana mu sukuni, ke ba ki huta ba mu ba mu huta ba. Shinkafar gidan nan duk ta ƙare a sadaka."

Ina jin kaji a bayanta. Sannan ta ce, "To. Allah shi ba ki haƙuri."

Kwana biyu ba ta kira ba, kuma kwana biyun nan sun fi mini azaba. Na rasa inda zan sa kaina. Na ƙona miya, na daki ɗana a kan laifin da bai kai ba. Ana saura kwana biyu babbar Sallah na ɗaure kaya na shiga mota zuwa Argungu, wai zan kai mata atamfa, alhali haƙuri zan ba ta ban san ta inda zan fara ba.

Na same ta tana kwaɓa lalle. Inna ba ta yarda da zanen zamani ba, ita dai na gargajiya: a shafe hannu da lalle, a zura shi cikin zunguru, wannan dogon goran da ake yi wa baki daidai hannu, a zauna da shi har ya kama. Zungurun nata tun na aurenta ne, ya yi baƙi ya yi sulɓi, a rataye yake a bangon ɗakinta duk shekara. Ba ta ta da maganar wayar ba, ni ma ban tayar ba. Na karɓi ƙwaryar na ce ta miƙo hannu. Na riƙe wuyan hannunta da hagu ina shafawa da dama, muna hirar ragon auta da ya ƙi ƙiba.

A ƙarƙashin yatsuna na ji jijiyarta tana bugawa. Ban sa hankali ba da farko. Sai na ji ta yi sauri-sauri, ta tsaya, har na ɗaga kai, sannan ta buga ɗaya mai ƙarfi. A daidai nan Inna ta ja numfashi ta ce, "Inna lillahi. Ga shi nan, ya hwaɗi. Miƙo min wayata."

Ban miƙa ba. Na ƙara danne wurin na ce ta yi shiru. Muka zauna, lalle yana bushewa a yatsuna. Ba a daɗe ba ya sake yi, kuma kafin ta buɗe baki na riga ta.

"Ya sake faɗuwa, ko?"

Ta dube ni kamar na yi mata duba. "Ke ma kin ji? To wane na ba shi da lahiya?"

Na kalli ƙafafunta, waɗanda na zo shafa wa lalle, na ga sun kumbura har idon sawu ya ɓace. Na tuna yadda ta tsaya hutawa tsakanin ɗaki da madafa. Raina ya ɓaci, da kaina nake fushi amma ita na yi wa tsawa. Na ce, "Ke ce, Inna. Ke ce ba ki da lafiya."

Sai da aka gama Sallah, aka yi rigima, auta ya zo ya sa baki, sannan ta yarda muka kawo ta asibiti a Birnin Kebbi. Aka manna mata wayoyi a ƙirji, na'ura ta fito da doguwar takarda mai zane. Likitan mutum ne mai sanyin magana, gashinsa ya fara fari, kuma ya zauna ya yi mana bayani ba gaggawa. Ya ce zuciyar Inna ta rikice da bugu, tana gudu tana tuntuɓe, kuma irin wannan yakan sa jini ya daskare a ciki, gudan ya tafi kai ya toshe hanya.

Ni da bakina ba ya shiru na tambaye shi me ya sa take jin abin kamar mugun labari. Ya ce da kowane bugu akwai jijiyoyi da ke kai saƙo daga zuciya zuwa ƙwaƙwalwa, dare da rana. Ƙwaƙwalwa ta saba da saƙon, ta san lokacin zuwansa, shi ya sa ba ta damunmu da shi, kamar yadda ba ka jin rigar da ke jikinka. Amma in bugu ya makara ko ya zo kafin lokacinsa, sai ta zabura. Saƙon kuma ba ya zuwa da bayani, abin da yake cewa kawai shi ne wani abu ya sauya. Ƙwaƙwalwa ce ke nemo masa dalili, kuma wanda ya fi kusa da hannu take ɗauka, wanda mutum ya fi sabawa da shi. Wani ya ce yunwa ce, wani ya ce aljanu, wani ma ba ya jin komai sam har sai ya faɗi. Ya dubi Inna ya ce, "Ke kuwa Hajiya, 'ya'yanki ne suka fi kusa da hannu." Ya ƙara da cewa tsoron da take ji shi ma yana ƙara wa zuciyar gudu, gudun ya ƙara tsoron, a yi ta zagaye.

Inna ta saurara har ƙarshe, hannunta ja wur da lalle a kan cinya. Sannan ta ce, "To likita, ranar da jirgin maigidana ya kihe hwa? Sannan da ƙuruciyata nike, zuciyata lau."

Ya yi murmushi ya ce wannan ba shi da amsarsa. Abin da ya sani shi ne abin da ke kan takardar nan. Ya rubuta magani kala biyu, ɗaya na daidaita bugu, ɗaya na hana jini daskarewa, ya ja kunnenmu kada a tsallake ko rana ɗaya.

Maganin ya karɓe ta. Kumburin ya saɓe, ta koma shanya shinkafarta, tana korar awaki da gudu. Waya ta yi shiru. Na yi zangon karatu guda ban fita baranda ba, na daina zuwa wurin mai kemis har ta aiko tana tambaya ko mun tashi ne. Na ɗauka an gama. Amma in na je Argungu sai in ga Inna ta yi zugum, ta ɗora tafin hannu a ƙirji kamar mai jiran sallama. Ta ce mini, "Wanga magani ya maishe ni kurma. Kuna can, ban san halin da kuke ciki ba." Na yi dariya na ce ai ga waya. Ta ce waya abin da mutum ya ga dama shi yake faɗa a cikinta.

Gaskiyarta, kuma ni na tabbatar mata da ita. A damina ta gaba aka ce sai an yi mini aiki an cire wani ƙari a mahaifata. Na tara ƙanwata da auta da maigidana na kafa musu doka: wanda ya gaya wa Inna, ni da shi har abada. Ina ganin dabara na yi, ina kare zuciyarta. Aka yi aiki, na yi kwana biyar a asibiti, kullum ina kiranta ina gyara murya ina cewa aikin makaranta ne ya yi yawa.

Bayan wata guda na je gida. La'asar ta yi, na ja kujera 'yar tsugunno na yi salla a zaune, don har lokacin ruku'u yana ja mini ɗinki. Ina sallamewa na ga Inna tana tsaye a bakin ƙofa.

"Mi ya samu cikinki?"

Na yi 'yan kame-kame. Inna ba a yi mata kame-kame. Na faɗa mata.

"Wace rana anka yi?"

Na ce Talata, makon da aka yi ruwan nan mai ƙarfi.

Ta zauna a bakin gado tana lissafi da yatsu. "Talata. Ina nan ina kwashe shanya. Har dariya munka yi da maƙwabta, zanena ya jiƙe." Ta bar lissafin. "Anka yanka cikin ɗiyata, ni ina dariya. Ban ji komi ba."

Tunda nake ban taɓa jin ta ce "ɗiyata" a gabana ba sai ranar. Da ina da hankali da na kama hannunta na yi shiru. Sai na ce, da wannan bakin nawa mai kaifi, "To ai abin da ake so ke nan, Inna. Maganin yana aiki." Ta dube ni ta ce haka ne, ta tashi ta ɗora tukunya.

Bayan 'yan makonni waya ta dawo. Da farko jefi-jefi, sannan kullum. "Lahiya kuke? Gabana ya hwaɗi." Na tambaye ta ko tana shan magani, ta ce tana sha. In na je na duba kwalin, sai in ga ƙwayoyin suna raguwa daidai yadda ya kamata. Na ce watakila sai an ƙara mata ƙarfinsa. Na ce bari a gama jarrabawa a yi hutu in mayar da ita wurin likita. Hankalina bai kwanta ba, na koma kai da kawowa a baranda, na koma wurin mai kemis, amma ban shiga mota na je na zauna na ga ta haɗiye ƙwaya da idona ba. Tafiyar da ba ta kai awa guda ba.

Ranar wata Alhamis da hantsi ina raba takardun jarrabawa, jakata ta kama rawa. Na ɗauka da kafaɗa ina ci gaba da rabo.

"Lahiya kuke?"

"Lafiya lau, Inna. Ina aji."

"Yara hwa? Maigidan?"

"Kowa lafiya. Zan kira ki in na tashi."

"To. Na ji auta, na ji ta Ambursa, ga ki ke ma. Duk lahiyarku lau ke nan." Ta ja numfashi. "Alhamdulillahi."

Na kashe. Da aka tashi tara ina ofishin malamai ina cin gyaɗa, wata abokiyar aikina tana kwaikwayon tafiyar shugaban makaranta, ina dariya har da hawaye. A wannan lokacin, kamar yadda maƙwabciyarta ta gaya mini daga baya, Inna tana kwance a gefen shanyar shinkafa, ɓarin jikinta na dama ya mutu, kaji suna ci a tabarma ba mai kora. Gabana bai faɗi ba. Ko ɗis ban ji ba. Na san bayanin likita, zan iya maimaita shi baki da baki, na san zuciyata ba ta da hanyar sanin abin da ke faruwa a Argungu. Duk da haka har yau ina jin haushin zuciyar nan tawa.

Kwana huɗu ta yi a asibiti ba magana. Ina zaune na riƙe wuyan hannunta na hagu, ina jin yana gudu yana tuntuɓe, ita kuma tana bin fuskokinmu da ido ɗaya bayan ɗaya, auta, ƙanwata, sannan ni. Ranar Litinin bayan azahar na daina jin komai a ƙarƙashin yatsuna.

Bayan an share makoki muka shiga ɗakinta haɗa kaya. Na miƙa hannu na sauko da zungurun daga bango, don na ce ni zan ɗauka. Sai na ji abu yana kacau-kacau a ciki. Na kife shi a kan gado. Ƙwayoyi ne, farare da masu ruwan hoda, suka zubo suka cika tsakiyar zanen gado, wasu sun rine da tsohon lalle. Kullum tana ɓalle na ranar daga kwali saboda ta san zan duba, ta jefa a nan.

Ƙanwata ta fashe da kuka. Ni ban yi kuka ba a lokacin, zama na yi ina tura su da yatsa, biyu-biyu, ina komawa baya da kwanaki. Sun kai ni har makon da na yi salla a zaune.

Zungurun yana nan rataye a ɗakina a Gesse. 'Yata ta fari tana makarantar kwana yanzu, kuma wani lokaci ina tsakar aiki sai ƙirjina ya yi wani tsalle. Nakan ajiye abin da ke hannuna in ɗora yatsu biyu a wuyan hannu in saurara, yadda likita ya koya mini. In na ji yana tafiya daidai, sai in ce wa kaina ba komai ba ne, shayi ne ya yi yawa. Sannan in ɗauki waya in kira makarantar.